Bashin Alheri da Kujerar Alƙali: Naɗin Alƙalan Kotunan Gunduma a Amurka

Babu alƙalin da ya taɓa ɗora kansa a kan kujerar shari'a, domin a kowace ƙasa da kowane zamani akwai mai ikon da ke zaɓensa ya miƙa masa ita, kuma daga nan ne wata tambaya ke tasowa wadda malaman fiƙihu da masana falsafar siyasa suka daɗe suna juyawa: ta yaya mutumin da ya sami muƙami albarkacin wasu zai yi hukunci a kansu, ko a kan abin da suke so, ba tare da alherin da suka yi masa ya karkatar da shi ba? Nauyin tambayar ya zo ne daga karon da ɗabi'u biyu kyawawa suke yi a cikinta. Halacci, wato tuna alheri da rama shi, yana cikin ma'aunan da ake gane mutumin kirki da su, kuma al'ummar da take cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski ba ta ɗauki butulci ƙaramin aibi ba. Adalci kuwa yana neman alƙali ya karɓi muƙamin daga hannun mai iko, sannan ya zauna a kujerar tamkar babu mai binsa bashi. Tsarin da Amurka take bi wajen naɗa alƙalan kotunan gunduma na tarayya ya dace da nazarin wannan matsala, saboda 'yan siyasa ne ke riƙe da kusan kowane matakinsa a fili, kuma duk da haka ana sa ran wanda ya fito daga cikinsa ya zama ba na kowa ba.

Kotun gunduma ita ce matakin farko na kotunan tarayya, inda ake shigar da ƙara, a saurari shaidu, a auna hujjoji, a yanke hukunci. Dokar da majalisar Amurka ta farko ta yi a 1789 ce ta kafa irin waɗannan kotuna, a yau kuma akwai guda 94 masu kujerun alƙalai fiye da 670, a samansu akwai kotunan ɗaukaka ƙara 13, sai Kotun Ƙoli mai alƙalai 9. Hankalin jama'a ya fi karkata ga Kotun Ƙoli, amma ƙararrakin da take saurara a shekara ba sa kai 100, alhali dubban ɗaruruwa ne ke shiga kotunan gunduma, kuma mafi yawansu a nan suke ƙarewa. Alƙalin gunduma galibi shi kaɗai yake zama a kujerarsa, shi ke yanke shawara kan shaidar da za a karɓa da wadda za a ƙi, shi ke ƙayyade shekarun da mai laifi zai yi a kurkuku, musamman tun 2005 da Kotun Ƙoli ta mayar da jadawalin hukunce-hukuncen tarayya abin shawara maimakon tilas, kuma abin da ya tabbatar game da yadda al'amari ya faru kotun sama ba ta rushe shi sai kuskuren ya fito ƙarara. Ga talakan da ya shiga hannun shari'ar tarayya, wannan mutum guda shi ne fuskar doka gaba ɗayanta.

Kundin tsarin mulkin da aka rubuta a 1787 bai yi dogon bayani kan naɗin ba. Ya ce shugaban ƙasa ne zai gabatar da suna, Majalisar Dattawa ta ba da shawara da amincewa, sannan alƙali ya riƙe muƙaminsa muddin halinsa na gari ne, abin da a aikace yake nufin har mutuwa ko ritayar da ya zaɓa da kansa, kuma ba a rage masa albashi yana kan kujera. Bai gindaya sharaɗin shekaru ko na karatun lauya ba. Marubutan kundin suna ɗauke da tabon mulkin Ingila, domin cikin ƙorafe-ƙorafen da suka jera a takardar ayyana 'yancin kai ta 1776 akwai cewa sarki ya mai da zaman alƙalai a muƙami da albashinsu abin da ya ga dama. Alexander Hamilton, a maƙalolin da ya rubuta a 1788 don kare kundin, ya kafa hujja da cewa idan mutum ɗaya ne ya zaɓa to an san wanda za a zarga in zaɓin ya lalace, sanin cewa majalisa na iya ƙin amincewa kuma zai sa shugaba ya ji kunyar gabatar da wanda ba shi da wata cancanta sai kusanci. Tunanin ya ginu ne a kan cewa ba a iya cire son rai daga zukatan masu zaɓe, sai dai a raba ikon tsakanin hannuwa biyu domin son ran wannan ya taka wa na wancan birki.

A aikace, musamman game da kotunan gunduma, tsarin ya juye tun da wuri, har ya zama sanatocin jihar da kujerar take su ne ke fara zaɓe, shugaban ƙasa ya biyo baya. Asalin wannan al'ada yana komawa watan Agusta na 1789, lokacin da majalisar ta ƙi amincewa da Benjamin Fishbourn, wanda Shugaba George Washington ya gabatar don wani muƙami a tashar jiragen ruwan Savannah, saboda sanatan jihar Georgia, James Gunn, ba ya son sa. A yau idan kujera ta zama babu kowa, sanatoci da yawa sukan kafa kwamitin lauyoyi da zai karɓi takardun masu nema ya yi musu tambayoyi, wasu kuma su zaɓa da kansu, sannan su tura suna ko sunaye zuwa ofishin lauyan fadar White House. Daga nan Ma'aikatar Shari'a ta bi diddigin aikin mutumin, hukumar FBI ta binciki rayuwarsa ta hanyar tambayar abokan aiki da maƙwabta, shi kuma ya cike doguwar takardar tambayoyi ta kwamitin shari'a na majalisar, inda zai lissafa abin da ya taɓa wallafawa da jawaban da ya yi da ƙungiyoyin da ya shiga da dukiyar da ya mallaka. Ƙungiyar Lauyoyi ta Amurka takan ba da nata ma'aunin mai hawa 3, wato ya cancanta ƙwarai, ko ya cancanta, ko bai cancanta ba, kuma daga zamanin Shugaba Eisenhower ana ba ta sunaye tun kafin a bayyana su, har George W. Bush ya daina a 2001, Obama ya dawo da al'adar a 2009, Trump ya sake yanke ta a 2017.

Bayan an aika sunan majalisa, shugaban kwamitin shari'a yakan tura wa sanatocin jihar 2 wata shuɗiyar takarda, al'adar da ta faro wajen 1917, domin kowannensu ya nuna ko ya yarda ko bai yarda ba, kuma a kan kujerun gunduma har yanzu kwamitin ba ya kiran zaman tantancewa idan ɗayansu ya riƙe takardarsa. In an wuce wannan, sai a yi zaman, wanda galibi akan jera mutum 4 ko 5 a teburi ɗaya, kowane sanata ya sami minti 5 na tambaya, a biyo da tambayoyi a rubuce, kwamitin ya kaɗa ƙuri'a, sannan zauren majalisa ya kaɗa tasa. Sunan da zangon majalisa ya ƙare ba a yanke shawara a kansa ba yakan koma wa shugaban ƙasa, sai in ya sake gabatar da shi. Wanda ya tsallake duka, shugaban ƙasa zai sa hannu a takardar naɗinsa, shi kuma ya yi rantsuwar da asalinta ke cikin dokar 1789, wadda a cikinta yake ɗaukar alkawarin yin shari'a ba tare da duban fuskar kowa ba, da daidaita haƙƙin talaka da na mai kuɗi.

Mai karatun da ya tashi a kan koyarwar Musulunci zai lura da cewa a wannan tsari mutum ne ke neman kujerar da kansa, ya rubuta takarda, ya nemi masu faɗa a ji su sa masa baki, alhali hadisi ya yi gargaɗi kan neman shugabanci, magabata da yawa kuma sun guje wa alƙalanci gudun abin da ke tattare da shi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Imamu Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga Halifa Mansur, ya gwammace ɗauri, har ya rasu a Bagadaza a 767. Sai dai ƙin karɓa yana tsirar da mutum ɗaya ne kawai, ba ya tsirar da masu ƙara, domin kujerar ba za ta zauna babu kowa ba, kuma wanda zai hau ta bayan nagari ya ƙi ba lalle ne ya kai shi tsoron Allah ba. Shi ya sa amsar Sahnun, mai Mudawwana, ta fi amfani ga wannan nazari. An ruwaito cewa ya daɗe yana ƙin tayin sarkin Aglabawa, kuma da ya karɓi alƙalancin Ƙairawan a ƙarshen rayuwarsa sai da ya gindaya sharaɗin cewa hukuncinsa zai hau kan dangin sarkin da fadawansa kamar yadda zai hau kan kowa. Ma'anar wannan sharaɗi ita ce ya sanar da mai bayarwa, tun kafin hannu ya taɓa hannu, cewa karɓar ba za ta haifar da bashi ba.

A nan ne warwarar tambayar take. Halacci yana wajaba ne a kan abin da mutum ya ciro daga mallakarsa ya bayar, kujerar shari'a kuwa ba mallakar sanata ba ce, ba kuma ta shugaban ƙasa ba, amana ce ta jama'a da aka wakilta su su nema mata mai riƙo. Wanda ya miƙa amana ga wanda ya dace da ita ya sauke nauyin da ke kansa ne, bai ba da kyauta ba, wanda kuma ya miƙa ta da niyyar a rama masa ya riga ya ci amanar tun kafin alƙalin ya zauna. Saboda haka alƙalin da ya yanke hukunci saɓanin son wanda ya kawo shi bai yi butulci ba, in ma da godiyar da ta rage a kansa to wurin biyanta shi ne gaisuwa da mutunci da zumunci, ba cikin fayil ɗin wani bawan Allah da ya zo neman haƙƙinsa ba. Zama a kujera har ƙarshen rayuwa da kare albashi su ne hanyar da kundin Amurka ya bi don mai da sharaɗin irin na Sahnun doka, ta yadda ba sai kowane alƙali ya yi cinikinsa da kansa ba. Hanyar cire shi ɗaya ce, wato Majalisar Wakilai ta tuhume shi, kashi 2 cikin 3 na sanatoci su same shi da laifi, kuma a tarihin ƙasar alƙalan tarayya 15 aka tuhuma, 8 aka cire, na farkonsu John Pickering a 1804, na baya-bayan nan Thomas Porteous a 2010.

Tarihin Julius Waties Waring na jihar South Carolina ya nuna abin da wannan kariya take iya haifarwa. Ɗan babban gida ne a birnin Charleston, ya yi wa birnin aikin lauya, ya yi tafiya da 'yan siyasar jihar masu kare wariyar launin fata, kuma da goyon bayansu Shugaba Roosevelt ya naɗa shi, ya kama aiki a 1942. Babu abin da ke cikin tarihinsa na lokacin da zai sa waɗanda suka kawo shi su yi zaton zai saɓa musu. A 1946 aka kawo gabansa shari'ar ɗan sandan da ya makantar da Isaac Woodard, baƙar fata tsohon soja da ke hanyar komawa gida daga yaƙi, masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda dukansu fararen fata ne, suka wanke ɗan sandan. A 1947 Waring ya yanke hukuncin cewa jam'iyyar Democrat ta jihar ba ta da ikon hana baƙar fata shiga zaɓen fid da gwani, a 1951 kuma, a shari'ar makarantun gundumar Clarendon, ya saɓa wa alƙalai 2 da suka zauna tare da shi a kan ƙarar, ya rubuta cewa raba yara a makarantu bisa launin fata shi kansa rashin daidaito ne, matsayin da Kotun Ƙoli ta ɗauka a 1954. Mutanen da ya tashi a cikinsu sun ƙaurace masa, a kan hukunce-hukuncensa da kuma wasu al'amuran gidansa, an jefi gidansa, ya bar garin zuwa New York bayan ritayarsa a 1952, amma cire shi daga kujera ya gagara. Haka ma John Sirica, ɗan jam'iyyar Republican da Eisenhower ya naɗa a 1957 lokacin Richard Nixon yana mataimakin shugaban ƙasa, shi ne a 1973 ya umarci Nixon, wanda a lokacin ya zama shugaban ƙasa, ya miƙa faya-fayan muryoyin da aka naɗa a ofishinsa.

Amma kariyar da ta tsare Waring ita ce ta tsare William Harold Cox, kuma duk wanda ya yabi tsarin ya tsallake wannan suna bai yi wa gaskiya adalci ba. Cox aminin Sanata James Eastland ne na jihar Mississippi, wanda ya shugabanci kwamitin shari'a daga 1956 zuwa 1978, kuma Shugaba John Kennedy ya naɗa shi a 1961 duk da cewa gwamnatinsa na da'awar kare haƙƙin baƙar fata, domin sauran sunayen da shugaban yake so su wuce dole su bi ta hannun Eastland. Cox ya ci zarafin baƙar fata masu neman rajistar zaɓe a cikin kotu, kuma a shari'ar kisan matasa 3 masu fafutukar 'yancin jama'a da aka yi a 1964 ya kori mafi yawan tuhume-tuhumen, sai da Kotun Ƙoli ta dawo da su a 1966. Abin lura shi ne Eastland bai buƙaci ya kira Cox ya roƙi wata alfarma ba, kuma Cox bai yi wani abu da ya saɓa wa zuciyarsa don ya faranta masa ba. An zaɓo mutumin da ra'ayinsa ya riga ya zama ɗaya da na mai zaɓen, aka sa shi inda babu mai iya taɓa shi. Wannan ita ce ƙofar da zama na har abada bai rufe ba: mai ikon da ya san ba zai iya karɓar bashi bayan naɗi ba yakan karɓe shi tun kafin naɗin, ta hanyar zaɓen wanda hukuncinsa sananne ne tun ba a kawo ƙarar ba.

Abin da a zamanin Eastland yake sha'anin abota da sanayya ya zama a yau sana'a mai tsari. Ƙungiyoyin lauyoyi masu ra'ayin mazan jiya, waɗanda fitacciyarsu ita ce Federalist Society da aka kafa a 1982, da takwarorinsu na ɓangaren masu sassaucin ra'ayi, suna bin matasan lauyoyi tun daga jami'a, suna sanin abin da suka rubuta da inda suka yi aiki, kowace gwamnati kuma tana neman masu ƙarancin shekaru domin kujerar ta daɗe a hannun ra'ayinta. Kathryn Mizelle tana da shekara 33 aka tabbatar da ita a jihar Florida a 2020, duk da Ƙungiyar Lauyoyi ta ce ƙwarewarta ba ta kai ba. Trump ya naɗa alƙalan gunduma 174 a wa'adinsa na farko, Biden ya naɗa 187, kowannensu kuma ya lissafa adadin cikin nasarorin mulkinsa. Dalilin wannan rige-rige ba ɓoyayye ba ne, domin alƙalin gunduma guda yana iya dakatar da manufar gwamnati, kamar yadda James Robart ya yi wa dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka a 2017, kuma kamar yadda Matthew Kacsmaryk ya nemi yi wa lasisin wani maganin zubar da ciki a 2023, ko da yake Kotun Ƙoli ta taƙaita ikon ba da umarnin da ya game ƙasa baki ɗaya a watan Yuni na 2025.

Abin da ya sauƙaƙa wannan hali shi ne canjin dokokin majalisar. A da, rufe muhawara kan suna yana buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100, wanda ke tilasta wa shugaban ƙasa neman wanda aƙalla wasu 'yan adawa za su iya haƙura da shi. A watan Nuwamba na 2013 'yan Democrat ƙarƙashin Harry Reid, bayan sun gaji da toshe sunayen Obama da ake yi, suka mayar da shi rinjaye kawai, a watan Afrilu na 2019 kuma 'yan Republican ƙarƙashin Mitch McConnell suka rage lokacin muhawarar ƙarshe kan alƙalan gunduma daga awa 30 zuwa awa 2. Kowane ɓangare yana da ƙorafi na gaskiya a kan ɗayan, amma abin da aka rasa ya fi abin da aka samu. Robart, wanda George W. Bush ya gabatar, ya sami ƙuri'a 99 babu mai adawa a 2004, Nusrat Choudhury kuwa, Musulma ta farko da ta zama alƙaliyar tarayya, da 50 da 49 ta wuce a 2023. Amincewar abokin hamayya tana da daraja ta musamman a sha'anin shari'a, domin kowace ƙara tana da wanda ya faɗi, kuma abin da ke sa wanda ya faɗi ya bi hukunci ba tare da an tilasta masa da ƙarfi ba shi ne yardarsa cewa mai hukuncin ba wakilin abokin gabarsa ba ne. Lokacin da babban alƙalin ƙasar, John Roberts, ya musanta a 2018 cewa akwai alƙalan wannan shugaba da na wancan, yana kare wannan yarda ce, amma ƙuri'un majalisa suna koya wa jama'a akasin abin da yake faɗa.

Shuɗiyar takarda ita ce ragowar wurin da ɗan adawa yake da baki, shi ya sa hukunci a kanta yake da wuya. Tana da tarihi mara daɗi, domin Eastland ne ya tsaurara ta har ta zama makamin da sanatocin kudu suka tsare kujerun jihohinsu da shi, shi ne kuma, a matsayinsa na shugaban kwamiti, ya jinkirta tabbatar da Constance Baker Motley wata 7 a 1966 kafin ta zama baƙar fata mace ta farko a kujerar alƙalancin tarayya. A 2023 Sanata Cindy Hyde-Smith ta hana Scott Colom takardarta a Mississippi, bai kuma sami ko zaman tantancewa ba. Duk da haka wannan al'ada ce take haifar da sasantawa irin wadda sanatocin New York, Daniel Patrick Moynihan da Alfonse D'Amato, suka yi, inda wanda jam'iyyarsa ba ta riƙe da fadar shugaban ƙasa yake zaɓen kujera 1 cikin 4, kuma ta wannan hanya ce George Bush uba, ɗan Republican, ya naɗa Sonia Sotomayor a 1992 bisa shawarar sanata ɗan Democrat. Abin da ba shi da kariya a cikin al'adar shi ne shirunta, wato yadda mutum ɗaya zai iya kashe suna ba tare da an wajabta masa faɗin dalili ba, ba kuma tare da wa'adi ba. Ikon hanawa da aka yi a fili, da dalilin da jama'a za su iya aunawa, shawara ce irin wadda kundin ya nufa, wanda aka yi a ɓoye kuwa yana mayar da kujerar mallakar sanata, ya dawo da bashin da ake ƙoƙarin kashewa.

Zaman tantancewa kansa yana iya gano wasu abubuwa, wasu kuma sun fi ƙarfinsa. Yana iya gano rashin sani, kamar yadda ya faru a watan Disamba na 2017 lokacin da Sanata John Kennedy na Louisiana, ɗan jam'iyyar shugaban da ya gabatar da sunan, ya yi wa Matthew Petersen tambayoyi kan ƙa'idojin gudanar da shari'a ya kasa amsawa, har ya janye da kansa. Yana kuma iya zamewa ya shiga inda kundin ya hana, tunda sashe na 6 ya haramta gwajin addini ga kowane muƙamin tarayya, amma a 2018 an tambayi Brian Buescher kan kasancewarsa cikin wata ƙungiyar mabiya ɗarikar Katolika, a 2023 kuma Adeel Mangi, Musulmin da aka gabatar don kotun ɗaukaka ƙara, ya sha tambayoyi kan ta'addanci da rikicin Gabas ta Tsakiya. Tambayar da ta halatta ita ce ko mutum zai bi doka a inda ta saɓa wa ra'ayinsa, kuma ana iya yi wa mai addini da marar addini ita daidai wa daida. Abin da minti 5 ba za su taɓa nunawa ba shi ne halayen da aikin ya fi buƙata, wato haƙurin sauraron wanda ba shi da lauya mai tsada, da iya danne fushi, da tsoron zaluntar wanda ke tsaye yana jiran a faɗi shekarun ɗaurinsa. Waɗannan sai lauyoyin da suka yi aiki da mutum da waɗanda suka kara da shi a kotu suka san su, shi ya sa binciken da ake yi a jiha kafin suna ya isa Washington ya fi zaman da ake nunawa a talabijin amfani.

Ana iya cewa maganin shi ne a fitar da 'yan siyasa daga sha'anin gaba ɗaya, kuma ƙasashe sun gwada hakan ta hanyoyi daban-daban. Najeriya, wadda ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, ba ta bi ta a wannan ba, domin a kundin 1999 shugaban ƙasa yana naɗa alƙalan Babbar Kotun Tarayya ne bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, babban alƙalin kotun kaɗai ke buƙatar amincewar sanatoci. Faransa, da ƙasashen da suka gaji tsarinta kamar Nijar, suna ɗaukar alƙalai ta hanyar jarrabawa da horo, yawancin jihohin Amurka kuma suna sa alƙalan kotunansu tsayawa gaban masu ƙuri'a. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta kawar da mai bin bashi, sai dai ta canja shi, ya zama manyan alƙalan da ke ba da shawara, ko ma'aikatar da ke riƙe da ƙarin girma, ko masu ba da kuɗin yaƙin neman zaɓe. Fifikon da tsarin tarayyar Amurka yake da shi shi ne an san sunan wanda ya gabatar da na waɗanda suka amince, ƙuri'arsu tana rubuce, ana iya tambayarsu a kanta.

Akwai kuma wani bashi da kundin bai yi tanadi a kansa ba, wato bashin alherin da ba a riga an yi ba. Alƙalin gunduma ba ya tsoron a cire shi, amma yana iya kwaɗayin a ɗaga shi, kuma hanyar ɗagawar ita ce dai wadda ya biyo, ta hannun shugaban ƙasa da sanatoci. Sotomayor ta tashi daga kotun gunduma zuwa ta ɗaukaka ƙara a 1998, zuwa Kotun Ƙoli a 2009, Ketanji Brown Jackson ta bi wannan hanya a 2013 da 2021 da 2022, kuma babu laifi a cikin hawan nasu, amma kowane alƙali mai shekara 40 da wani abu ya san cewa hukuncin da ya rubuta yau za a karanta shi a fadar White House idan kujerar sama ta samu, a kuma karanta masa shi a zaman tantancewa na gaba, kamar yadda aka yi wa Jackson a kan hukunce-hukuncen ɗaurin da ta yanke. Naɗa matasa yana ƙara tsawon shekarun da wannan kwaɗayi zai yi yana aiki. Dokar tarayya ta umarci alƙali ya janye daga duk shari'ar da mai hankali zai iya shakkar rashin son kansa a cikinta, amma ba ta ɗauki cewa shugaban da ya naɗa shi yana cikin ƙarar a matsayin dalilin janyewa shi kaɗai ba, kuma buƙatar janyewar gaban alƙalin da ake shakka ake fara kai ta, shi ne zai duba ta ya yanke hukunci a kan kansa, kotun sama kuma ba ta cika saɓa masa ba sai ta ga ya wuce gona da iri.